Zafin fitsari mai tafiya yana dawowa bayan saduwa: yadda za ki tare shi

Akwai matan da duk lokacin da suka sadu da miji, bayan kwana ɗaya ko biyu sai abin ya taso, fitsari ya matse ta kamar za ta yi a jiki, ta ruga banɗaki amma ɗigo biyu uku ne zai fito kuma yana yanka ta kamar reza, ta dawo ta zauna minti goma bai cika ba ya sake matso ta, ga mara ta yi nauyi, wani lokacin fitsarin ya yi duhu yana wari ko ma a ga jini-jini a ciki. Ta sha magani ya lafa, wata ɗaya ko biyu ya dawo. Har ta kai wasu sun fara tsoron dare ya yi. In dai haka kike ciki 'yar uwa to da ke nake, kuma abu na farko da nake so ki cire a ranki shine wai ƙazanta ce ta jawo miki. Wallahi da yawa masu fama da shi sun fi kowa tsafta, wasu ma yawan wankin ne yake ƙara musu.

Wannan ciwon mafitsara ne da ƙwayar cuta take jawowa. A wajen likitoci, in ya kama ki sau 2 cikin wata 6, ko sau 3 cikin shekara ɗaya, to ya zama mai maimaituwa, kuma yadda ake tunkararsa daban ne da wanda ya zo sau ɗaya ya wuce. Kusan rabin mata sai sun yi shi aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, kuma cikin waɗanda suka yi, wajen ɗaya cikin huɗu yana dawo mata kafin wata 6. Kinga ba ke kaɗai ba ce.

Dalilin a halitta yake. Bututun da fitsari yake bi daga mafitsara zuwa waje a jikin mace gajere ne sosai, santimita 4 ne ko ƙasa da haka, na namiji kuwa ya kai wajen 20. Sannan bakinsa yana nan daf da farji, dubura ma ba nisa. Ƙwayar cutar da ta fi jawo shi sunanta E. coli, kuma ba daga waje take zuwa ba, a hanjin kowa take zaune lafiya lau ba ta cutar da kowa a can, ita ce take jawo wajen kashi 80 cikin 100 na irin wannan ciwon. Daga dubura ta taso ta zauna a fatar wajen, lokacin saduwa gogayya ta tura ta bakin bututun, santimita huɗu kawai za ta hau ta isa mafitsara, ta manne a bango ta fara hayayyafa. Shi yasa sabbin amare suke yawan yinsa, da wadda mijinta ya dawo daga doguwar tafiya. Ba wai mijin ne ya ɗauko wata cuta a waje ya sa miki ba, ba kuma zaman masai ne ya jawo ba. Wasu kuma jikinsu ne haka, bangon mafitsararsu ya fi saurin riƙe ƙwayar, an lura wadda mahaifiyarta ta yi fama da shi ko wadda ta fara yinsa tun kafin ta kai shekara 15 ta fi saurin maimaitawa.

To kafin ma a zo maganar rigakafi, ki fara tabbatarwa abin da ke damunki ɗin shine. Nan ne mata da yawa suke ɓata shekaru, komai ya faru a ƙasa sai a ce infekshan ne a sayo antibayotik. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri daban, ruwa mai ƙarni daban, waɗannan na farji ne ba na mafitsara ba kuma maganinsu daban, antibayotik ɗin da kike sha ma shi yake ƙara tayar da mai ƙaiƙayin. Akwai kuma cututtukan da ake ɗauka ta saduwa irin su chlamydia da gonoriya, su ma suna sa zafin fitsari, kuma su dole a yi wa ke da mijin magani tare. Don haka in ya sake tasowa, kafin ki haɗiyi ko ƙwaya ɗaya ki je a yi miki gwajin fitsari irin wanda ake shuka shi a ɗakin gwaji kwana 2 zuwa 3 a ga wace ƙwaya ce ta tsiro da maganin da yake kashe ta. Wajen ɗibar fitsarin ki wanke hannu, ki buɗe leɓɓan gaban da yatsu biyu, ki bar na farko ya zuba a masai, ki tari na tsakiya a robar da suka ba ki, ki rufe ki miƙa da wuri kada ya daɗe a jaka. In kin riga kin fara shan magani sakamakon zai iya fitowa ba komai alhali ciwon yana nan.

Yanzu abin da za ki yi da kanki. Ruwa dai, na san kin gaji da jin a sha ruwa, amma wannan an gwada shi da gaske. A shekarar 2018 an buga wani bincike da aka yi a Bulgeriya kan mata 140 masu wannan matsalar waɗanda ba sa shan ruwa ya kai lita ɗaya da rabi a rana, rabinsu aka ce su ƙara lita 1.5 a kan abin da suka saba, rabi su ci gaba yadda suke. Bayan shekara ɗaya waɗanda suka ƙara ruwan ciwon ya kama su kimanin sau 1.7, ɗaya ɓangaren kuwa sau 3.2, kusan rabi kenan aka rage da ruwa kawai. Ba a tashi ɗaya za ki kwankwaɗe shi ba, ki raba shi tun safe zuwa yamma, ki riƙa duba kalar fitsarinki, in ya yi haske-haske kina kan hanya, in ya yi ruwan ɗorawa mai duhu to da saura. Sai dai mai ciwon zuciya ko ciwon ƙoda da likita ya ƙayyade wa ruwa, ita ta bi maganar likitanta. Kuma in kin sha dole ki yi fitsarin, kada ki riƙe shi awa shida bakwai saboda aiki ko ƙyamar banɗakin waje, fitsarin da ya daɗe a mafitsara shi ƙwayar take so. In kin tsuguna ko kin zauna ki saki jiki ya fita duka, kada ki yi sauri ki katse.

Bayan saduwa ki tashi ki yi fitsari, cikin minti 15 zuwa rabin awa, kada ki bari barci ya ɗauke ki sai safe. Gaskiya hujjar bincike a kan wannan ba ta kai ta ruwa ƙarfi ba, amma hankali ya ɗauka, ba ya cin kuɗi kuma ba ya cutarwa, don haka ni dai ina cewa a yi. Dabara ita ce ki sha kofi ɗaya na ruwa tun kafin a fara don a samu abin da zai fito da ƙarfi ya wanko bututun. Shi ma maigida ya wanke hannunsa da gabansa kafin ya zo, wannan ba raini ba ne, lafiyar matarsa ce. Kuma duk abin da ya taɓa wajen dubura, yatsa ne ko menene, kada ya dawo gaba sai an wanke shi.

Sai maganar bushewa, wadda ba a cika faɗa ba don kunya. In babu ni'ima gogayyar tana yawa, bakin bututun ya kumbura ya ɗan goge, ƙwayar ta samu wajen kamawa. A ba wa wasa lokacinsa kada a yi gaggawa, in kuma duk da haka akwai bushewa, musamman mai shayarwa, a nemi man santsi wanda aka haɗa da ruwa. In ana amfani da kwaroron roba kada a sa masa mai irin na shafawa, yana lalata robar ta fashe.

Ki duba hanyar tazarar haihuwar da kike bi. Maganin kashe maniyyi, wanda yawanci za ki ga an rubuta nonoxynol-9 a jikin kwalinsa, ko na matsawa ne ko kumfa ko wanda aka shafe kwaroron roba da shi, da kuma 'yar robar nan da ake toshe bakin mahaifa da ita, an tabbatar suna ƙara haɗarin sosai. Dalili shine a cikin farji akwai ƙwayoyi masu amfani da ake kira lactobacilli, su suke sa wajen ya zama da ɗan tsami-tsami yadda E. coli ba ta jin daɗin zama, shi kuma maganin sai ya kashe su. In kina amfani da ɗaya daga ciki ki je a canza miki wata hanyar, wasu matan da wannan kaɗai suka rabu da ciwon.

Wannan dalilin ne ya sa nake roƙonki dan Allah ki daina wanke cikin farji. Sabulu, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, turare, feshi, kurkure ciki da ruwa ko cusa wani abu da sunan tsafta, duk masu gadinki kike korewa. Waje kawai za ki wanke da ruwa, daga gaba zuwa baya ko da yaushe, musamman bayan bayan gida, ki tsane da tawul mai tsabta. Kamfai na auduga ya fi, a canza in ya jiƙe, audugar al'ada ma kada ta daɗe. In kina fama da taurin bayan gida ki magance shi, hanji in ya cushe yana danne mafitsara ta kasa juye fitsari duka.

Za ki ji ana maganar cranberry, wasu 'ya'yan itace ne jajaye da ake shan ruwansu ko ƙwayarsu. Wani babban nazari na Cochrane, ƙungiyar da take tantance binciken lafiya, a 2023 da ya tattara bincike 50 ya nuna yana rage dawowar ciwon da wajen kashi ɗaya cikin huɗu ga mata masu maimaitawa, to yana ɗan taimakawa a rigakafi amma ba ya warkar da wanda ya riga ya kama, kuma mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ta tambayi likita tukunna. D-mannose kuwa, wani irin sukari da ake ta tallarsa, an gwada shi a Birtaniya kan mata kusan 600 aka buga a 2024, ba a ga ya fi maganin bogi ba, ni ba zan ce ki zuba kuɗinki a kai ba.

In kin yi duk waɗannan wata biyu uku abin bai daina ba, kada ki zauna kina haƙuri, akwai abin da likita zai iya yi kuma mata da yawa ba su san da shi ba. Ga wadda ciwonta a bayyane yake bayan saduwa yake zuwa, ana rubuta mata ƙwaya ɗaya tak ta antibayotik, irin nitrofurantoin ko trimethoprim ko cefalexin, ta sha cikin awa 2 bayan saduwa, ba kullum ba, kuma yana aiki sosai, sannan adadin maganin da za ta sha a shekara bai kai na mai sha kullum ba. Wasu ana ɗora su kan ƙaramin adadi kullum da dare na wata 3 zuwa 6 sai a sake dubawa. Akwai kuma methenamine hippurate wanda shi ba antibayotik ba ne, a cikin fitsari yake rikiɗa ya hana ƙwayar yaɗuwa, wani gwaji a Birtaniya kan mata 240 da aka buga a 2022 ya nuna bai gaza antibayotik na kullum da wani abin a zo a gani ba. Amma dan Allah kada ki karanta sunayen nan ki tafi kemis ki saya da kanki. Sakamakon gwajinki ne zai nuna wanda zai yi miki, nitrofurantoin bai dace da mai raunin ƙoda ko mai ƙarancin G6PD (wani sinadari a jini da wasu ake haifar su da ƙarancinsa) ko mai cikin da ya kusa haihuwa ba, trimethoprim kuma ana gudunsa a watanni ukun farko na ciki. Ita kuma ciprofloxacin da ake sha kamar ba komai ba, tun 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a yi amfani da ita a ƙaramin ciwon mafitsara in akwai wani zaɓin, saboda illarta ga jijiyoyi. Shan magani barkatai, yau wannan gobe wancan, kwana biyu an ji sauƙi a ajiye, shi yake sa ƙwayar ta yi taurin kai har a kai ranar da sai allura a gadon asibiti.

Iyayenmu da al'ada ta ɗauke musu ko take shirin ɗaukewa, nasu dalilin daban ne, sinadarin jikin mace da ake kira estrogen ne ya ragu, fatar wajen ta yi siriri ta bushe, lactobacilli suka ragu. Maganinsu shine estrogen na shafawa ko matsawa a farji wanda likita zai rubuta, yana rage dawowar ciwon sosai, na haɗiya kuwa ba ya wannan aikin. Wadda ta taɓa yin kansar mama ta faɗa wa likita kafin a ba ta.

Ki kuma nemi a duba miki suga, don ciwon suga da ba a sani ba yana sa ciwon ya ƙi ƙarewa. In ƙwaya iri ɗaya ce take dawowa cikin sati biyu da gama magani, ko jini yana ci gaba da fita a fitsari bayan kin warke, to a yi hoton ƙoda da mafitsara a ga ko akwai tsakuwa ko fitsari ne ba ya fita duka.

Akwai lokacin da ba a jira ko kaɗan. In zazzaɓi ya shigo, ga rawar sanyi, ga ciwo a kwiɓi ko baya ƙasan haƙarƙari, ga amai, to ƙwayar ta hau ƙoda, a ranar za ki je asibiti ko da dare ne, don daga nan tana iya shiga jini. Mai juna biyu kuwa ko ɗan zafi kaɗan ta ji ta je, ita ko ba ta jin komai in gwajin awo ya nuna ƙwaya a fitsarinta ana yi mata magani, saboda yana iya haurawa ƙoda ko ya jawo naƙuda kafin lokaci.