Yadda Ake Tsara Waƙar da Za Ta Yi Magana da Yawun Jama'a

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin taron siyasa a Kano ko Zariya ko Damagaram ya san cewa jawabin ɗan takara yana ƙarewa ne da zarar an kashe lasifika, amma waƙar da aka rera kafin ya hau mumbari ita ce ke raka mutane har gida. Direban a-daidaita-sahu zai kunna ta, yara su haddace amshinta, mata su riƙa maimaita ta a bakin murhu. Saboda haka matashin da Allah ya hore wa baiwar waƙa, kuma yake son ya sa baki a al'amuran jama'a, yana bukatar ya san yadda ake yin abin tun kafin ya ɗauki alƙalami.

Ka fara da sanin gadon da ka shigo. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajojinta kuma, wato malamai mata da ta horar, suka ɗauke su a ka zuwa ƙauyuka suna karantar da matan da ake kira 'yan taru. Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rasu a 1958, da waƙa ya tattauna makomar sarauta da mulki a Arewa tun kafin a sami 'yancin kai. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, ita da abokiyar hamayyarta NPC sun yi ta musayar baitoci a kasuwanni da wuraren lacca, domin a lokacin yawancin masu sauraro ba sa karatun boko. Haka kuma da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, ta kuma sauya fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, mawaƙa da makaɗa na cikin waɗanda suka fahimtar da talakawa sabon tsarin. Ka nemi irin waɗannan waƙoƙi ka karanta da babbar murya, domin kunnenka ya saba da yadda magabata suke ɗaure magana mai nauyi a cikin ɗango ɗaya, wato layi guda na baiti.

Daga nan sai ka tsai da jigo guda ɗaya tak. Kuskuren da na fi gani a wurin masu tasowa shi ne su zuba tsadar abinci da rashin tsaro da shaye-shaye da lalacewar makarantu duka a waƙa guda, har mai sauraro ya tashi bai riƙe komai ba. Idan takin zamani ne damuwarka, to ka tsaya a kansa: ka je ka zauna da manoma, ka ji nawa suka sayi buhu bara, nawa ne bana, a wane watan ya iso, kuma hannun wa ya biyo kafin ya iso. Baitin da ya ambaci manomin da ya sayar da tunkiyar matarsa don ya sayi rabin buhu bayan shuka ta riga ta yi ja ya fi baitoci goma masu cewa talaka na shan wahala, domin kowa ya san wani mai irin wannan labari a garinsu.

Wannan zama da mutane shi ne kuma zai tsare ka daga ɗaukar alhaki. Na taɓa sauraron waƙar wani yaro mai zaƙin murya a unguwarmu, wanda ya zargi wani kansila da cinye kuɗin rijiyar burtsatse. Cikin mako guda waƙar ta zagaye wayoyin unguwa, har 'ya'yan mutumin suka daina zuwa makarantar allo saboda tsokanar da yara ke yi musu da amshinta. Daga baya ta bayyana cewa ba a ma saki kuɗin ba tun daga sama. Yaron ya je har zaure ya ba da haƙuri, aka yafe masa, amma har yau akwai masu rera amshin, tunda magana zarar bunu ce. Don haka duk zargin da ba ka gani da idonka ba, ko ba ka ji daga mutum biyu ko uku da ba su haɗa baki ba, ka cire shi komai daɗin da ya yi a baiti.

Sai batun gini. Ka zaɓi kari ɗaya, wato ma'aunin da gaɓoɓin kowane ɗango ke bi, ka riƙe shi daga farko har ƙarshe, ko daga karuruwan aruli da malamai suka aro daga Larabci, irin su Kamil da Mutadarak, ko daga karin wata waƙar gargajiya da kunnen jama'a ya riga ya sani. Ba dole ba ne sai ka haddace sunayensu. Abin da ya zama dole shi ne ka rera kowane ɗango kana tafi ko kana buga tebur, duk inda ka ji harshenka ya yi tuntuɓe, to akwai gaɓar da ta yi yawa ko ta gaza. Ga mai farawa, ƙwar-biyu, wato waƙar da kowane baitinta ke da ɗango biyu, ta fi sauƙin sarrafawa, ƙwar-biyar mai ɗango biyar kuwa tana ba da filin warware hujja amma tana tona asirin wanda kalmominsa ba su da yawa. Amsa-amo shi ne sautin da ƙarshen ɗangaye ko baitoci ke maimaitawa; ka kiyayi wanda zai tilasta maka faɗin abin da ba ka nufa ba. Idan ka ga ka jawo wata kalma don kawai ta ƙare da harafin da kake so, gara ka rushe baitin ka sake shi. Amshi kuwa ka ba shi lokaci fiye da komai, ya zama gajere, mai sauƙin kamawa, yana ɗauke da saƙon waƙar gaba ɗaya, domin shi kaɗai ne mafi yawan mutane za su tafi da shi.

A wurin suka ne ake gane gwani. Hausa tana da habaici, tana da zambo, kuma akwai zagi, wanda ba ya cikin fasaha ko kaɗan. Habaici yana bayyana hali ba tare da kama suna ba, mai abin ya gane kansa, jama'a ma su gane. Zambo ya fi kaifi, kuma yakan taɓa siffar mutum, shi ya sa nake ganin bai dace da waƙar da ke neman gyara ba. Ka soki aikin shugaba da alkawarin da ya saɓa, ka bar iyayensa da iyalinsa da halittar jikinsa da ƙabilarsa da aƙidarsa. Waƙar da ta tunzura matasa har suka ɗauki gora da wuƙa ranar zaɓe, mawaƙinta yana da kaso a jinin da aka zubar ko da yana kwance a ɗakinsa.

Abu mafi wuya shi ne kuɗi. Roƙo da yabon ubangida tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, makaɗan fada sun rayu a kanta, kuma ba na ganin laifin mawaƙin da ya karɓi ladan aikinsa. Sai dai ka rarrabe tun da wuri tsakanin waƙar da aka saya da waƙar da ka yi don ra'ayinka, kada ka sayar da ta farko da sunan ta biyu. Idan ɗan takara ya nemi ka yi masa waƙa, ka gaya masa a gaban shaidu abin da za ka iya faɗa da wanda ba za ka faɗa ba, ku yanke farashi, kuma kada ka yabe shi da aikin da bai yi ba. Wanda ya kira mutum gwarzo bana, baɗi ya kira shi ɓarawo saboda an daina aike, jama'a za su ci gaba da rawa da kiɗansa amma sun daina yarda da bakinsa. Shi ya sa nake ba kowane matashi shawarar ya riƙe wata sana'a, ko ɗinki ko koyarwa ko noma, wadda za ta ciyar da gidansa ranar da ya ce a'a.

Kafin ka shiga situdiyo, ka rera waƙar ga mutum uku: malamin da ya san kari, dattijon da ya san mutanen da abin ya shafa, da wani wanda ba ya goyon bayan ra'ayinka. Ka kuma binciki dokar inda kake, domin a Kano, misali, akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i da aka kafa a 2001, wadda aikinta ya shafi mawaƙa, gidajen rediyo ma suna da ƙa'idojinsu, musamman a lokacin yaƙin neman zaɓe. Da zarar waƙa ta hau WhatsApp ko Facebook, wani zai iya yanke baiti ɗaya ya liƙa shi a jikin hoton da ba ka sani ba, don haka ka ajiye cikakken rubutunta da cikakkiyar muryarta a wurinka. Sannan ka bi al'adar magabata wajen rufewa: bayan godiya ga Allah da salati, ka ambaci sunanka da garinku da shekarar da ka tsara ta a baitin ƙarshe, yadda duk mai ƙorafi zai san ƙofar da zai yi sallama.