Baƙin wuyan yaro: yadda za ki duba, da abin da za ki yi

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Zariya, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yi wa yara faɗa a kan ƙazantar da ba tasu ba. Uwa ta ga bayan wuyan ɗanta ya yi baƙi, sai ta hau dirza da soso da sabulun salo, har da toka da lemun tsami. 'Yar'uwa, ajiye soson nan.

Fito da yaron tsakar gida da rana, ya sunkuyar da kai. Idan wurin ya fi sauran jiki duhu, ya yi kauri, kin shafa kin ji shi kamar karammiski, to ki goga jiƙaƙƙen tsumma. Dauɗa za ta fita, wannan kuwa ba ya fita. Duba hammata da matsematsi da gaɓoɓin yatsu. Likitoci na kiransa acanthosis nigricans.

Daga ciki abin yake. Insulin, wani sinadari da jiki ke samarwa, shi ne ke shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka. Idan jiki ya daina jinsa, galibi saboda ƙiba, sai a riƙa samar da shi da yawa, yawan nan ne ke sa fata kauri da duhu. Ba lallai yaron ya kamu da ciwon suga ba tukuna, amma hanyar ya ɗauka, musamman in akwai ciwon a dangi.

Don Allah kada ki shafa masa man bilicin. Wasu na ɗauke da sinadarin da ke ƙara suga a jini.

Kai shi asibiti da safe bai karya ba, ko Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa na Shika, a gwada yawan sugan da ke jininsa. Ƙasa da 100 lafiya lau. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne. In ya kai 126, likita zai maimaita gwajin kafin ya yanke hukunci. Tambayi da wane ma'auni aka auna, don a ɗaya ma'aunin 126 ɗin nan 7 ne.

A gida, fara da abin sha. Lemon kwalba ɗaya na ɗauke da suga kusan cokalin shayi 9, kuma zoɓo da kunun aya na ƙofar makaranta ma sun sha suga. Rage malmalar tuwo, ƙara miyar ganye da wake da zogale. Kowa a gidan ya ci haka, kada a ware shi 'yan'uwa su samu abin tsokana. Ya samu wasan guje-guje na awa ɗaya kullum, tsakanin boko da Islamiyya. Baƙin yakan dushe a hankali in nauyi ya ragu, amma sai an yi watanni.

Idan kuma yana yawan fitsari da ƙishirwa, yana rama, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, kada ki jira gobe, ki kai shi a ranar.