Turare Mai Sanyin Ƙamshi: Kurakuran da Ke Sa A Ce Masa Jabu

Wani abokina ya taɓa kirana ana dab da azahar, ransa a ɓace, wai an cuce shi. Ranar Laraba ya sayi turare da kuɗi masu nauyi, ya fesa da safiyar Alhamis ya fita wajen aiki, kafin ƙarfe goma sha ɗaya babu ko ɓurɓushin ƙamshi a jikinsa. Ya riga ya yanke hukunci, jabu aka sayar masa, kuma da la'asar zai koma shagon a yi ta ta ƙare. Na ce masa ya biyo ta wajena da kwalbar tukuna. Da na fesa a bayan hannuna, sai ƙamshin ɓawon lemo ya taso tas, kamar yanzu aka fere shi, can ƙasa-ƙasa kuma da ɗan ƙamshin ɗanyen ganye. Turaren lafiyarsa ƙalau. Abokina ne ya sayi tsuntsu yana neman ya yi masa aikin jaki.

Bari in fayyace abin da nake nufi, domin a bakin mata "ƙamshi mai sanyi" kan iya zama kowane turare marar hawa kai, har da humra mai laushi. Ni a nan ina magana ne kan dangin ƙamshin da ke sa mutum ya ji wasai kamar ya fito daga wanka: lemon tsami, lemon zaƙi, na'a-na'a, ciyawar da aka yanka, iskar bakin teku, wankakken kaya da aka ɗauko daga igiya. Su ne aka fi yi wa ƙazafi a kasuwar turare.

Auna shi da ma'aunin humra

Wannan shi ne uwar kurakuran. Mu mun tashi da turaren da ke kama jiki. Humrar da aka haɗa da sandal da farce da almiski takan kwana a fata, ta yi mako a mayafi. Turaren wuta ya shiga shadda, sai an wanke ta sau biyu kafin ya saki. Ko ƙaramar kwalbar Bint El Sudan da kakanninmu suka sani, ɗigo ɗaya ya wadatar da yini. Hancin da ya saba da wannan, idan ya haɗu da turaren da ya ɓace cikin awa biyu, dole ya zargi mai shago.

Amma ka tuna yadda ƙamshi yake isa hanci. Sai abu ya tashi daga fata ya bi iska sannan ka ji shi, kuma duk abin da ya tashi ya tafi ke nan. Man ɓawon lemon zaƙi, fiye da kashi 90 cikin ɗari nasa wani sinadari ne da ake kira limonin, ƙwayoyinsa ƙanana ne marasa nauyi, suna tashi da sauri. Saurin tashin nan shi ne ke ba ka wannan wasai ɗin da kake so a farkon feshi, shi ne kuma ke ƙarar da shi. Sandal da udu da almiski ƙwayoyinsu manya ne, a hankali suke barin fata, shi ya sa suke daɗewa, shi ya sa kuma ba za su taɓa yi maka sanyin lemo ba. Gwada ka gani: matse ɓawon lemo a yatsunka yanzu, ka shinshina bayan rabin awa.

Masu haɗa turare sun kasa ƙamshi gida uku. Akwai na sama, wanda ke tarbarka da ka fesa, ya yi daga 'yan mintuna zuwa kamar rabin awa ko awa ɗaya. Akwai na tsakiya, yawanci furanni da kayan yaji, mai ɗaukar 'yan awanni. Sai na tushe, itatuwa da ƙaro da almiski, wanda ke raka ka har dare. Lemo da na'a-na'a 'yan sama ne tun asali.

Kuma ba don ya daɗe aka ƙirƙiri turare mai sanyi ba. A shekarar 1709 wani ɗan Italiya mai suna Giovanni Maria Farina ya fara haɗa ruwan ƙamshi na dangin lemo a birnin Kolon na Jamus, daga nan sunan Eau de Cologne ya samo asali. Masu kuɗin Turai na wancan zamani kwarara shi suke yi a jiki da hankici, idan ya tafi su sake. Har yau a Turkiyya idan ka shiga gidan mutum ko ka gama cin abinci a gidan abinci, sai a zuba maka kolonya mai ƙamshin lemo a tafin hannu, ka goga, ka ji sanyi, shi ke nan. Ba wanda ke tsammanin zai kai shi gida. Gyaran wannan kuskure ba ya cin ko kwabo: ka sa wa ranka cewa awa biyu zuwa huɗu aikinsa ne, ka zuba kaɗan a ƙaramar kwalbar feshi ka jefa a aljihu ko jaka, bayan azahar ka sabunta.

Dogaro da rubutun jikin kwali

Da yawa sun haddace cewa turaren da aka rubuta wa EDP (Eau de Parfum) ya fi mai EDT (Eau de Toilette) daɗewa, don haka sai su ƙara kuɗi su ɗauki mai EDP suna ganin magana ta ƙare. A al'adar masana'antar, Eau de Cologne kan ɗauki man ƙamshi kamar kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari, Eau de Toilette 5 zuwa 15, Eau de Parfum 15 zuwa 20. Sai dai wannan yawan man yake faɗa maka, bai gaya maka wane irin mai ba ne. Idan ka ninka lemo sau biyu, farkon feshin ne zai ƙara ƙarfi, amma lokacin tafiyarsa ba zai ja da nisa sosai ba. Abin da kamfanoni suka fi yi idan za su fitar da EDP na turare mai sanyi shi ne su ƙara masa katako da zaƙi da anbar a ƙasa. Zai daɗe kam, sai dai sau da yawa sanyin da ya sa ka so shi ya ragu. Na sha ganin wanda ya so na farko, ya sayi "babban yayansa" ba tare da ya gwada ba, ya dawo yana cewa ya yi masa nauyi. Ka shinshina kowanne da kansa, kar ka ɗauka suna ɗaya ƙamshi ɗaya.

Zaton cewa sanyin da ke daɗewa daga lemo yake

Za ka ce to ai akwai turaruka masu sanyi da ke yini. Akwai, amma ba lemo ke riƙe da su ba, sinadaran ɗakin gwaji ne. A 1966 kamfanin Dior ya fitar da Eau Sauvage, wanda Edmond Roudnitska ya haɗa, ya sa masa wani sabon sinadari mai suna Hedione, mai ƙamshin fure sama-sama kamar iska, wanda ke ja wa lemo tsawon rai. Cool Water na Davidoff da ya fito a 1988 ya jingina ne da dihydromyrcenol, wannan ƙamshin sabulu da wankakken kaya da yanzu ya cika turarukan maza. Sai Calone, wanda masu bincike na kamfanin magunguna na Pfizer suka samar, mai ƙamshi tsakanin kankana da iskar teku. Shi ne ya haifi yayin turarukan "ruwa" na shekarun 1990, irin su L'Eau d'Issey a 1992 da Acqua di Giò na maza a 1996. Na baya-bayan nan kuma, irin Sauvage na 2015, Ambroxan ne ke ɗauke da su, wanda aka ƙera don ya maye gurbin anbar na cikin teku.

Saboda haka mai shagon da ya ce maka "wannan zallar lemo ne, babu kemikal, kuma yana kwana biyu a jiki", ɗaya daga cikin maganganun biyu ba gaskiya ba ce. Ni ban ga abin kunya a sinadarin ɗakin gwaji ba. Da babu shi da babu mafi yawan turaren da muke yabo. Idan daɗewa kake nema, duba jerin abin da ke tushen turaren. In ka ga almiski, ko katakon sida, ko vetiver (ɗan uwan jemar da ake saƙa faifai da ita ne, saiwarsa ake tatsa), to ko lemon ya tafi akwai abin da zai ci gaba da ba da tsabtataccen ƙamshi.

Wani abin sha'awa: sanyin na'a-na'a ba a hanci kaɗai ake jin sa ba. Mentol ɗin da ke cikinta yana taɓa jijiyar da ke sanar da jiki sanyi, ita ce dai ke amsawa idan ka taɓa ƙanƙara. Gano irin waɗannan masu jin zafi da sanyi na cikin aikin da ya sa David Julius da Ardem Patapoutian suka samu kyautar Nobel a 2021. Ke nan idan ka ce turare ya yi maka sanyi, wani lokacin ba salon magana ba ne.

Hancinka ya gaji, kai kuma ka ce turare ya mutu

Shiga ɗakin da aka yi turaren wuta, ka zauna minti goma, za ka daina ji. Wanda ya shigo bayanka zai ce "kai, ɗakin nan na ƙamshi". Haka hanci yake, idan ƙamshi ya zauna masa sai ya ɗauke kai don ya saurari sabo. Turaren da ka fesa a wuya da ƙirji yana ƙarƙashin hancinka duk numfashi, shi ne na farko da za ka daina ji. Ambroxan da wasu nau'o'in almiski sun fi kowa wannan hali, har akwai mutanen da tun fil azal ba sa jin wasu almiskin sam.

Illar ita ce mutum ya yi ta ƙari. Feshi huɗu ya koma goma sha biyu, shi bai ji komai ba, na kusa da shi a sahu ko a cikin A Daidaita Sahu yana fama da ciwon kai. Kafin ka ƙara, tambayi wani wanda bai kasance tare da kai ba tun safe. Sannan ka sauya wurin feshi: bayan wuya, gwiwar hannu ta ciki, bayan hannu. Ƙamshin zai riƙa zuwa maka jefi-jefi idan ka motsa, hancin ba zai saba da wuri ba.

Saye da shinshinar farko

A shago ana fesa maka a takarda ko a murfi, ka shaƙa, ka ce a naɗe. Abin da ka saya minti biyar na farko ne, alhali da abin da zai rage bayan awa biyu za ka yini. Turare mai sanyi ya fi kowanne iya wannan yaudara, don duk kwalliyarsa a gaba take. Fesa a fatarka, ka tafi ka gama sauran cefanenka, ka shinshina bayan awa ɗaya, ka sake bayan uku. Kar ka gwada fiye da uku ko huɗu a zuwa ɗaya. Gwangwanin 'ya'yan kofi da wasu shaguna ke miƙo maka wai don wanke hanci, wani ƙamshin ne kawai ka ƙara wa hancin. Fita waje ka sha iska, ko ka shinshina hannun rigarka inda babu turare.

Busasshiyar fata, murza hannu, da zafin gari

Fata mai maiƙo tana riƙe ƙamshi, busasshiya tana sakinsa. Da hunturu, lokacin da ƙafa ke faso leɓe ke tsagewa, turare mai sanyi ba ya ko zama. Shafa man da ba shi da ƙamshi, basilin ko man kaɗanya da aka tace, a wurin da za ka fesa, sannan ka fesa a kai. Da bazara kuma, a Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, matsalar ta juya: ƙamshin zai tashi da ƙarfi ya ƙare da wuri. A nan tufa ce mafita, domin zare ba shi da ɗumin fata, yakan riƙe lemo awanni fiye da jiki. Fesa daga ɗan nesa, kuma a cikin riga ko ƙasan hula, don mai launi yana iya bar wa farar shadda tabo.

Murza wuyan hannu biyu bayan feshi, wanda kusan kowa ke yi, ba ya "fasa" turare kamar yadda ake faɗa. Ɗumi yake ƙarawa, ɗumi kuma na korar na sama, wato daidai abin da ka biya kuɗi dominsa. Bar shi ya bushe da kansa.

Kada kuma a fesa shi a kan gumi. Udu mai nauyi yana iya danne tsamin jiki na ɗan lokaci, lemo ba shi da wannan ƙarfin, cakuɗuwa za su yi. Haka idan kaya sun sha turaren wuta, ka fesa mai sanyi a kai, hayaƙin zai haɗiye shi ɗungurungum. In kana son haɗawa, ɗan farin almiski ko sandal kaɗan a fata, sannan mai sanyin a sama.

Ajiya a mota da bakin taga

Man lemo ba ya shiri da abu uku: zafi, haske da iska. Idan limonin ya daɗe yana haɗuwa da iska sai ya canja, ƙamshin ya koma kamar na fenti ko tsohon mai, kuma a wannan halin ya fi saurin sa wa fata ƙaiƙayi. Kwalbar da ta yi wata guda a aljihun gaban mota a rana, ko a kan madubi inda hantsi ke dukanta kullum, ta riga ta tsufa. Udu da sandal suna jure shekaru, wasu ma ƙara kyau suke, mai sanyi kuwa ba abin adanawa ba ne. Mayar da shi kwalinsa, ka sa a cikin durowar kaya a ɗakin da ya fi sanyi. Kada ka sayi babbar kwalba in ka san sai Juma'a-Juma'a kake fesawa, domin duk sanda turare ya ragu iska ce ke cike gurbinsa.

Akwai kuma bergamot, wani ɗan lemo mai ɗaci da aka fi nomawa a yankin Kalabriya na kudancin Italiya, wanda shi ne ƙamshin shayin Earl Grey, kuma da wuya ka samu turare mai sanyi da babu shi. Ɗanyen mansa na ɗauke da wani sinadari, bergapten, wanda idan yana kan fata rana ta doke shi yakan ƙona wurin ya bar baƙin tabo mai daɗewa. Manyan kamfanoni suna cire shi ko su rage shi sosai bisa ƙa'idar ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA. Amma man da aka ɗura maka daga babbar jarka ba tare da ka san asalinsa ba, musamman mai ƙamshin lemo, kada ka shafa shi a wuya ko fuska ka shiga rana. Sa shi inda riga za ta rufe.