Anini uku bai fi kambi ɗaya ba: kurakuran da muke yi wajen gane askarawan Saudiyya

Mutanenmu na Makka da Jidda da Madina kullum muna gogayya da askarawa, a ƙofar Harami, a shingen bincike, a ofishin jawazat wato hukumar fasfo da shige da fice, amma da yawanmu duk wanda ya sa kaki toh askar ne kawai an gama magana. Alhali abin da ke kafaɗarsa da hannun rigarsa ya riga ya faɗa maka ko shi waye tun kafin ya buɗe baki.

Babban kuskuren shi ne ƙirga anini. Sai kaga mutum ya tsallake mai kambi ɗaya ya je yana rusuna wa mai taurari uku wai shi ne babba tunda nasa sun fi yawa. A'a. Tauraro ɗaya mulazim ne, biyu mulazim awwal, uku naƙib wato kyaftin. Daga nan sai taurarin su ɓace gaba ɗaya a sa kambi guda, wannan shi ne ra'id, manjo kenan, kuma ya fi mai ukun nan. Kambi da tauraro ɗaya muƙaddam, da biyu aƙid wato kanar, da uku amid wato birgediya. In kuwa ka hango takubba biyu a gicciye a kafaɗa toh wannan liwa ne ko abin da ya fi, janar kenan, irinsu ba kasafai za ka gansu tsaye a shinge ba. Gyaran mai sauƙi ne, ka fara neman kambi da ido kafin ka ƙirga komai.

Wanda ya san sojan Najeriya ba zai sha wahala ba don tsarin ɗaya ne, duk daga Ingila aka ɗauko shi, inda Saudiyya ta sa kambi saboda masarauta ce, Najeriya mikiya ta sa, Masar ma mikiya, Sudan kuma tsuntsun tambarinta, saƙarul jidyan. Amma fa a wajen igiya nan ne sanin Najeriya yake yaudarar mutum. A gida mai igiya uku saje ne. A nan igiya ɗaya jundi awwal, biyu arif, uku wakil raƙib, sai ta kai huɗu sannan ya zama raƙib. Kuma duk yawan igiyar da ke hannun mutum, yaron nan sabon fitowa mai tauraro ɗaya a kafaɗa shi ne gaba da shi, ko da kuwa ya haife shi.

Sai haɗa kowa a tukunya ɗaya. Wallahi wannan yana ɓata wa mutane lokaci ba kaɗan ba musamman alhazai. Sojan ƙasa da na sama da na ruwa suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. Shurɗa wato 'yan sanda, da murur masu kula da zirga-zirgar motoci, da jawazat, da difa'ul madani wato hukumar kare farar hula, da masu gadin iyaka, duk na ma'aikatar cikin gida ne. Harasul waɗani wato dakarun tsaron ƙasa kuma daban suke, tun 2013 ma'aikatarsu ce mai zaman kanta. Muƙaman iri ɗaya ne, don haka kafaɗa ba za ta gaya maka wurin aikin mutum ba, bajon da ke hannun riga ko ƙirji ko gaban hula shi za ka duba, kuma yawanci sunan rundunar na rubuce a jikinsa da Larabci. Ka tare ɗan difa'ul madani da maganar igama wato takardar izinin zama, aikinsa gobara da ceto, iyaka ya nuna maka hanya. Sannan masu gadin otal da manyan kantuna ba askarawa ba ne, ma'aikatan kamfani ne, haka yaran kashshafa wato 'yan sikawut da ke raka ɓatattun alhazai a Mina.

Tambarin ƙasa ma ana rikita shi da tuta. Tuta koriya takobi ɗaya ne a ƙarƙashin kalmar shahada. Tambari takubba biyu ne a gicciye da bishiyar dabino a samansu, tun 1950 ake amfani da shi, takubban na nuna ƙarfi da adalci, dabinon kuma yalwa da bunƙasa, shi yasa za ka ganshi a kan bajojin rundunoni da yawa, kowacce ta ƙara nata, jiragen sama fukafukai, na ruwa anka.

Kuskure na ƙarshe ya fi shafar telolinmu da masu aikin sirfani. Wani ya kawo maka hoto a waya yace dan Allah ɗinka min wannan bajon a jaket ɗina don gayu, kar ka karɓa. Shigar burtu da kayan askar laifi ne a ƙasar nan, kuma an hana sa tambarin ƙasa da tuta a kan kayan sayarwa, balle tutar da ke ɗauke da shahada wadda ko makoki ake ba a sassauto da ita rabin sanda. Mai son ado ka zana masa nasa, dabino shi kaɗai ko raƙumi ko sunan ƙungiyarsu ta ƙwallo, ka bar kambi da anini da takubban nan biyu.