Yadda za ka karanci sararin Legas kafin ranar kusufin rana

Ina Gusau ranar Laraba 29 ga Maris 2006, lokacin da rana ta yi cikakken kusufi. Hantsi ne, amma sai ga gari ya koma kamar almuru, kaji suka nufi akurki, tsofaffi na ta salati, mu kuwa yara sai ihu. Minti uku da ɗoriya aka yi a cikin wannan duhu. Ban tuna wani ya yi zancen girgije a ranar ba, don a Arewa a watan Maris rana ba ta da mai tare ta. Legas ba haka take ba. Shekarun da na yi a Agege sun koya mini cewa a garin nan kana iya shanya kaya rana na ƙwallewa, kafin ka ɗauraye bokiti hadari ya haɗu.

Ga shi kuma kusufi biyu manya na tafe da za su bi ta kan Legas ɗin kanta. Wanda yake son gani da idonsa, ga yadda zai shirya wa girgije da hazo.

Da farko, san wane kusufi kake jira, da ƙarfe nawa

Ranar Asabar 6 ga Fabrairu 2027 za a yi kusufin zobe. Wata zai shiga tsakiyar rana amma ba zai rufe ta duka ba, domin a lokacin yana nesa da duniya, sai ya bar da'irar wuta kewaye da shi. Inuwar za ta taso daga Chile da Ajantina, ta ƙetare tekun Atlantika, ta bi ta Abijan, Akara, Lome da Kwatano, ta zo ta ƙare a wajenmu daidai faɗuwar rana. A Legas zoben zai bayyana ne 'yan mintoci kafin ƙarfe bakwai na yamma, rana na dab da nutsewa. Riƙe wannan da kyau, don duk wahalar shirin a nan take.

Na biyu shi ne na Litinin 20 ga Maris 2034, cikakke irin na 2006, da hantsi, kuma zai ratsa Legas da birnin Benin kafin ya wuce Kamaru da Chadi. Akwai wani a tsakani, ranar 2 ga Agusta 2027, wanda zai yi duhu a Luksor ta Masar har sama da minti shida, ya kuma bi ta Jidda da Makka. Wanda ya dace da umara a lokacin ya more. Mu a nan ɗan gefen rana kawai za a gutsura, kuma a watan da sama ke wuni a lulluɓe, don haka ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba.

Na biyu, ajiye kalandar Arewa, ka ɗauki ta bakin teku

Damina biyu Legas ke yi. Babbar tana kankama daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni. A Agusta ruwa kan ɗan tsagaita, daidai lokacin da ake marka a gida, sai dai tsagaitawar ruwa ba washewar sama ba ce: wani farin girgije mara tsawa ne ke shimfiɗewa kamar bargo tun safe. Ƙaramar damina ta dawo a Satumba da Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne rani, kuma a tsakiyarsa iskar hunturu kan leƙo da ƙurarta, ko da yake ba ta kai ta Kano ko Sakkwato kauri ba.

Idan ka ɗora ranakun nan biyu a kan wannan, za ka ga kowacce da nata abokin gaba. A farkon Fabrairu ba ruwa ake tsoro ba, hazo ne. A ƙarshen Maris kuwa danshi ya dawo, hadarin farko-farko ya fara, kuma da hantsi ne ƙananan gizagizai masu kama da auduga ke fara tasowa yayin da ƙasa ke ɗaukar zafi.

Na uku, fita ka kalli faɗuwar rana tun kafin ranar

Wannan shi ne matakin da ya fi duk sauran, kuma ba ya cin ko sisi. Mutane kan ɗaga kai su ga sama tas a bisa kansu, su ce ai yau babu matsala. Ga kusufin Fabrairu, abin da ke saman kanka bai dame ka ba. Ɗan siririn sararin da ke can ƙasa, inda sama ta haɗu da ƙasa ta yamma, shi ne naka. Hasken rana mai faɗuwa yana ratsa iska mai kaurin da ya ninka na tsakar rana sau talatin da wani abu, kuma duk ƙura da hayaƙin janareto da tururin teku da ke cikin wannan iskar sai ya bi ta cikinsu kafin ya iso idonka.

Na gwada da kaina a wani hunturu. Na hau saman benen da muke haya bayan la'asar sakaliya, sama ba ko ɗigon girgije. Rana ta yi ja kamar garwashi, ta koma kamar faifan da aka rina, sannan ta narke a cikin toka-tokan hazo tun tana sama da rufin gidaje da kusan faɗin dunƙulen hannu. Ba faɗuwa ta yi ba, ɓacewa ta yi. Da ranar kusufi ce, da na tashi a tutar babu alhali sama a washe take.

To ga yadda ake awon. Miƙe hannunka sosai, ka dunƙule shi: faɗinsa a sama ya kai kimanin digiri goma. Yatsa ɗaya kuma digiri ɗaya zuwa biyu. Rana na sauka digiri ɗaya a duk minti huɗu. Zoben zai zo ne rana na sama da bakin ƙasa da abin da bai wuce yatsa ɗaya ko biyu ba. Don haka tun saura mako biyu ko uku, ka riƙa fita kowace yamma, ka rubuta a takarda: yau rana ta kai har ƙasa ina ganinta, ko kuwa ta ɓace saura yatsu huɗu? Kar ka ƙura mata ido, duba inda take a kaikaice ya isa. Idan cikin kwana goma ta kai ƙasa sau shida ko bakwai a wurin da ka zaɓa, wurin ya yi. Idan kullum a sama take ɓacewa, sake wuri.

Na huɗu, zaɓi wurin tsayuwa

A farkon Fabrairu rana ba ta faɗuwa a yamma sak, tana karkata kudu da kimanin digiri goma sha shida. Gaɓar tekun Legas kuwa ta miƙe ne daga gabas zuwa yamma tana fuskantar kudu. Wato wanda ya tsaya a bakin teku zai ga rana ta sauka a kan ruwa, babu bene, babu sandar wuta, babu allon talla. Wanda ya tsaya a cikin Mile 12 ko Idi-Araba ko Obalende a ƙasa, gini kawai zai kalla.

Ni dai Badagiri na fi so. Tana yamma, ba ta da dogayen gine-gine a gabanta, hayaƙin Apapa da na manyan motoci yana bayanka. Bakin tekun Lekki ma zai yi idan ka tabbatar benayen tsibiri ba su tare maka kusurwar ba, haka Tarkwa Bay ga wanda ba ya tsoron jirgin ruwa, sai dai a tuna da dawowa cikin dare. Akwai wata fa'ida ta bakin ruwa: da yamma iskar teku kan tura girgije can cikin ƙasa, shi ya sa sau da yawa za ka ga hadari ya taru ta wajen Ikeja da Ikorodu alhali kan teku fes. Mai hali da fasfo zai iya matsawa Kwatano ko Akara, don duk yadda ka yi yamma rana na ƙara ɗagawa a lokacin zoben. Kada wani ya ce zai tsayar da mota a kan gadar Third Mainland ya yi kallo.

Na biyar, koma kan waya, amma saura kwana uku

Hasashen girgije na mako biyu gaba kusan duba ne. Daga saura kwana uku yake fara zama abin dogaro. Duba sanarwar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, musamman idan ta yi gargaɗin ƙura ta taso daga Nijar da Chadi, don takan ɗauki kwanaki kafin ta gangaro kudu. A manhajar hasashen yanayi ta Windy kuma kada ka tsaya a jimillar girgije. Tana raba shi uku: na ƙasa, na tsakiya, na sama. Na sama siriri ne kamar zare, rana na ratsa shi. Na ƙasa mai kauri shi ne mai kashe kallo. Kuma kar ka duba kan Legas kawai, ja taswirar zuwa kan teku ta kudu da Kwatano da Lome, domin girgijen da zai tare rana mai faɗuwa yana iya kasancewa kilomita ɗari ko fiye daga inda kake.

Akwai wata dabara da 'yan jirgin sama ke amfani da ita. Filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja yana fitar da rahoton yanayi a kai a kai, ana samunsa a intanet idan ka rubuta METAR DNMM. A cikin rahoton, masana kan kasa sama gida takwas: FEW na nufin girgije ya rufe gida ɗaya ko biyu, SCT uku ko huɗu, BKN biyar zuwa bakwai, OVC kuma duka. HZ hazo ne. Lambar nan mai alƙaluma huɗu nisan gani ce a mita: 9999 na nufin kilomita goma ko fiye, 3000 kuwa na nufin ranar za ta narke tun tana sama. Ranar kusufin da kanta, hoton tauraron ɗan'adam na Meteosat, wanda ake sabuntawa duk 'yan mintoci, ya fi kowane hasashe, don abin da ke akwai yake nunawa.

Ga na 2034 lissafin ya fi sauƙi, tunda rana na sama sosai. Abin yi shi ne a duba hoton da asuba, a kuma kasance da mai a mota. Inuwar za ta nufi arewa maso gabas, inda iska ta fi bushewa a Maris, don haka wanda ba ya son caca ya kwana a can cikin ƙasa a kan hanyar inuwar.

Na shida, ido

Girgije da hazo mayaudara ne a nan. Suna rage hasken har ka ji za ka iya kallo ba tare da ƙifta ido ba, alhali zafin da ke ƙona bayan ido yana nan, kuma wurin ba ya jin ciwo balle ya gargaɗe ka. A kusufin zobe babu daƙiƙa ɗaya da ya halatta a kalla da ido tsirara. Nemi tabarau na kusufi mai lambar ISO 12312-2, ka ɗaga shi a fitila ka tabbatar ba huda ba karce. Baƙin tabarau na gayu, fim ɗin hoton ƙashi, gilashin da aka turara da hayaƙi, ruwa a kwano, duk a bar su.

Na taɓa zuwa wajen wani dattijo mai walda a unguwarmu, na ce, "Baba, a ara mini gilashin nan zan kalli rana." Ya juya shi ya duba gefe, ya ce, "Yaro, wannan lamba goma ce. In idonka ya yi maka yawa, ɗauka." Gaskiyarsa: lamba 14 ake so, kuma ba kowane shago ke da ita ba. Ga yara, rariya ko matankaɗi mai manyan huji ya wadatar. A juya wa rana baya, a bar hasken ya faɗa a farin bango, kowane huji zai zana ranar da aka gutsura. Wannan zai yi aiki ne a farkon kusufin, wajen ƙarfe shida, kafin hasken ya yi rauni.

Na ƙarshe, lissafin hanya da salla

Asabar ce, kuma wanda ya san hanyar Badagiri ya san ba a yi mata alkawari. Tashi bayan azahar, ka isa da la'asar, ka zaɓi wurinka da sauran haske. Idan ka iske girgije ya tokare yamma, kada ka shiga mota neman wani wuri a sa'ar ƙarshe, cunkoso zai cinye ka. Zauna. Sau da yawa akan sami wata 'yar tsaga tsakanin gindin girgije da ruwa, rana ta faɗo cikinta minti biyu ko uku kafin ta nutse, kuma a daidai wannan tsagar zoben zai kasance.

Ka tafi da buta da darduma, magariba za ta same ka a can. Batun sallar kusufi, raka'a biyu mai ruku'u biyu a kowace raka'a, ka tambayi limaminku tun da wuri, domin a mashhurin mazhabar Malikiyya lokacinta daga hantsi ne zuwa zawali, wannan kuwa bayan la'asar zai zo, kuma malamai sun yi saɓani a kai.

Kusufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen watan Musulunci, wannan kuma ƙarshen Sha'aban zai faɗo. A yammacin Asabar ɗin jinjirin wata ba zai ganu ba, tunda ga watan nan baƙi a fuskar rana, tare za su faɗi. Sanarwar azumi ta fadar Sarkin Musulmi ce, amma wanda ya riga ya sami wurin da yamma ke buɗe, ya koma can ranar Lahadi bayan faɗuwar rana, ya duba sama da inda ta nutse da kimanin dunƙulen hannu ɗaya.