Inda za a zauna karɓar gaisuwar rasuwa: a duba inuwa da ruwa kafin a shimfiɗa tabarma

Mu nan Damagaram, wato Zinder, mutuwa ba ta ba da lokacin shawara, mutum ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, jama'a na dawowa daga maƙabarta ƙofar gida za su nufa kai tsaye. To shi ya sa maganar wajen zaman makoki ba bayan jana'iza ake yin ta ba. Tun ana wankan gawa ya kamata a ware mutum ɗaya, wanda ba ɗan mamacin ba, ko maƙwabci ko suruki ko wani ƙane mai natsuwa, a ce masa kai wuri ne aikinka.

Abu na farko da zai duba shi ne ina ƙofar gidan take kallo. Mutane da yawa nan suke kuskure, su ga inuwa da safe luf su baza tabarmi. In ƙofa na kallon yamma inuwar safe ce kawai, da azahar ta gota rana za ta dawo ta zauna a kan mutane har la'asar sakaliya, kuma lokacin ne baƙi suka fi zuwa. In tana kallon gabas, safiya ce da wahala, yamma kuwa bangon gidan ya rufa muku asiri. Lokacin rasuwar kawuna a watan Afirilu muka yi wannan ganganci, zafi ya haura 40, sai ga mu muna jan tabarma muna bin inuwa kamar 'yan talla, dattawa na riƙe da takalmansu da carbi a hannu, abin dai ba daɗin gani. Ashe tsallaken hanya akwai dogon yaro guda biyu a ƙofar wani Alhaji, da yaya ya je ya ce masa Baba ko za a ara mana gindin iccen nan, cewa ya yi haba ɗana, wannan har sai an tambaya? Har zaurensa ya buɗe mana.

Saboda haka kar ku ƙulle kanku da cewa dole sai ƙofar gidan mamaci. Cikin Birni akwai lungunan da mota ba ta shiga, ga duwatsu, mutum goma sun zauna sun toshe hanya. Irin wannan gara a koma harabar masallacin unguwa ko wani fili kusa, a sanar da liman da mai unguwa, a kuma aje yaro ɗaya a bakin lungu yana nuna wa baƙi hanya. Sharaɗin dai kar ya yi nisa da gidan, don duk wanda ya gaida maza zai so ya leƙa ciki ya yi wa mata ya haƙuri. A Zango da Sabon Gari inda tituna ke da ɗan faɗi ana iya kafa rumfar bash, wato tamfol, ta haya, amma a bar gefen da kabu-kabu da amalanke za su wuce, bakin gudiro kuwa, wato titin kwalta, ban ba da shawara ba sam, ƙara da ƙura ba za su bari a ji addu'a ba.

Sai ruwa. Duk ɗan Zinder ya san halin pampo, yau ya zo gobe shiru, balle da bazara. Kar a dogara da shi. A yi magana da mai ga-ruwa tun ranar farko ya riƙa kawo ruwa a bido, wato jarka, safe da yamma, a cika randa ta sha daban, tano, wato duro, na alwala daban, a samo butoci ko da biyar ne daga maƙwabta. Wajen alwalar a kai shi gangare, nesa da tabarmi, in ba haka ba kafin magariba wajen ya zama caɓi. Kuma a tambayi wane gida ne maza baƙi za su riƙa zagawa bayi, don cikin gidan rasuwa mata sun cika shi, namiji ba shi da hanyar shiga.

Su matan ma ana yawan mantawa da su, a kafa wa maza rumfa mai kyau a bar su a tsakar gida rana na dukansu ga hayaƙin murhu. A ɗaura musu nasu bash ɗin, mai takaba kuma a ba ta ɗakin da iska ke shiga, ita da za ta yi wata 4 da kwana 10 a gidan. Girki in da hali a kai shi gidan maƙwabta, dama haka sunna ta koyar, Annabi (SAW) cewa ya yi a yi wa iyalan Ja'afar abinci lokacin da aka yi musu rashi, ba su za su dafa wa jama'a ba.

Kujeru ba sai da yawa ba, 'yan kaɗan don tsofaffi masu ciwon gwiwa, sauran tabarma ta wadatar. In za ku ɗauki haya ku yanke kuɗin kwana 3 gaba ɗaya tun farko, jika nawa ne, wa zai kwance ya mayar, kar a zo ana ciniki a gaban masu gaisuwa. Maganar sadakar bakwai da arba'in kowane gida da malamansa, ban shiga nan ba.

'Yan nesa kuma, na Mirya ko Matamai za su iya juyawa a ranar, amma wanda ya taso daga Yamai wuni guda zai yi a mota, sai dare zai iso. Shi a tanadar masa zaure da bargo in hunturu ne, a bar fitila mai caji a wajen zaman ko da wuta ta ɗauke. In damina ce a kwashe tabarmi cikin zaure kowane dare, a kuma sassauta gefe ɗaya na rumfar don ruwa ya samu wajen zuba.