Yadda na gyara binciken takardu a shafin cikin gida na ma'aikata

Ma'aikaci zai rubuta "hutu" a akwatin bincike, sai tsofaffin fom su fito a sama, sabon kuwa ko alamarsa babu. Da na bi diddigi, sai na ga sabon fom ɗin hoto ne aka ɗauka da sikana aka adana a matsayin PDF. Babu rubutun da injin binciken zai karanta, sunan fayil ɗin ma lambobi ne zalla.

Na bi da irin waɗannan takardu ta manhajar OCR, mai mayar da hoton rubutu ya zama rubutu na gaske. Na sa musu sunan da mutane ke nema da shi: "Fom ɗin neman hutu". Tsofaffin kwafi na kwashe su zuwa ma'ajiya, na cire ta daga wuraren da ake bincike. Kada a goge su, ana iya bukatarsu.

Kowane shafi na ba shi mai kula guda, da ranar sake dubawa duk wata 6.

Bayan gyara, dole injin ya sake tattara bayanan, in ba haka ba tsohon sakamako zai ci gaba da fitowa. A gwada da asusun ma'aikaci, domin na mai gudanar da shafin yana ganin abin da wasu ba su da izinin gani.